Ticha Abdulgafaru da Ƙullutun Surukarsa

Ka san farata nawa ne a aji mai yara arba'in da uku? Na hannu ɗari huɗu da talatin, in ka haɗa da na ƙafa ɗari takwas da sittin, kuma babu ɗaya a cikinsu da Ticha Abdulgafaru bai san halinsa ba. Kowace safiya, a wata makarantar firamare da ke Tishigu cikin garin Tamale, sai ya jera yaran nan a rana kamar buhunan gero, ya bi su da tsumagiya a hamata, yana duba farce, yana duba haƙori, yana leƙa bayan kunne. Wanda bai yi asuwaki ba, bulala biyu. Wanda aka samu makero a kansa, uku, sai ka ce shi ya je kasuwa ya zaɓo makeron da kansa. Yarinyar da ta zo da ƙwarƙwata kuwa har uwarta sai ta ji a jikinta, domin Ticha zai aika mata da saƙon da ba ta nema ba. Bakinsa ba ya jin nauyin komai. Kashi yana kiransa kashi. Tsutsar ciki yana zana ta a allo da tsawonta da kaurinta, ya kuma nuna ta inda take fita.

Ɗan unguwar Aboabo ne. Ubansa Mahamudu mai goro jikan fataken nan ne da suka baro ƙasar Hausa, suka biyo ta Salaga, suka yada zango a Tamale ba su ƙara gaba ba. 'Ya'yansa maza tara. Da aka zo neman yaro ɗaya daga kowane babban gida don makarantar Bature, tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda ba ya iya bambanta goro mai kyau da wanda tsutsa ta ci, ya ce a tafi da wannan, ba a yi asara ba. To wannan ɗin ne ya dawo da gajeren wando na kaki, da safa har gwiwa, da keke mai ƙararrawa biyu. Shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga ta Ghana, shi ya jagoranci yaran makarantarsu zuwa filin fareti, ya kuma mayar da shida gida saboda ƙafarsu ta yi kaushi. Ya ce sabuwar ƙasa ba za ta fara da faso ba.

Abu biyu aka san shi da su a gari: bulala da ladabi. Bulalar ta 'ya'yan mutane ce. Ladabin kuwa duk na mutum ɗaya ne, surukarsa Mma Awawu, mai man kaɗanya a kasuwar Aboabo, uwar matarsa Adizatu. In ya hango ta daga nesa, zai diro daga keke tun kafin ya taka birki, ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen hanya ko da cikin taɓo ne. Bai taɓa cin ko gyaɗa ɗaya a gabanta ba. Bai taɓa kallon fuskarta ba, har ana yi masa tsiya cewa in ta ɓata aka ce ya kwatanta ta, sai dai ya kwatanta yatsun ƙafarta. Iyaye mata na Aboabo da shi suke yi wa surukansu gori. Shi kuma yana jin daɗin gorin nan fiye da yadda yake nunawa. Kai, ya fi son sa da ƙararrawar kekensa.

Ana nan, bayan 'yancin kai da kaɗan, hedimasta ya dawo daga taro da umarni cewa kowace makaranta sai ta riƙa koyar da kiwon lafiya, kuma sufeto zai zo ya gwada yara. Aka tara malamai a lokacin hutu, wata sista ta asibiti ta yi musu bita. Ta yi maganar kurkunu, ta yi ta ruwan rafi, ta yi ta ƙuda. Daga ƙarshe ta zo kan ciwon daji. Ta ce maruru mai zafi shi ke sa mutum ihu, amma ƙullutun da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya zauna shiru ba ya ciwo, a nonon mace, ko a wuya, ko a muƙamuƙin yaro. Ba kowane ne daji ba, in ji ta, amma likita ne kaɗai zai faɗa. In an kawo shi yana ƙarami, aikin ƙarami ne. In an bar shi ya yi saiwa, sai abin da Allah ya yi.

Malamai goma sha bakwai suka ji wannan magana. Sha shida suka yi hamma. Ticha Abdulgafaru ya mayar da ita waƙa mai baiti huɗu, da Turanci, domin da Turanci sufeto zai yi tambaya. Yara suka haddace ta tsaf. In ka tare ɗaya ka ce ya fassara, sai ya ce maka waƙar tuta ce.

Sai Allah ya sa Adizatu ta haihu, ta tafi gida wanka kamar yadda aka saba. Ranar da ta dawo, ta ajiye masa tuwon rana, ta zauna a bakin tabarma maimakon ta koma madafa.

"Ticha, akwai magana."

"In ta ragon suna ce, an wuce wurin."

"Ta Mma ce. Tana yi wa yaro wanka zaninta ya zame. Na ga abu a nononta na hagu. Kamar goro."

Ticha ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ba don tsoro ba tukuna. Kunya ce ta fara kama shi, jin an ambaci wannan wuri na jikin wannan mata yana cikin cin abinci.

"Yana mata ciwo?"

"Abibata ta ce ba ya yi. Ta ce Mma tana shafa masa man kaɗe, wai zai narke." Abibata ita ce maƙwabciyar ɗakin tsohuwar, tare suke dama mai.

To a nan tsoron ya iso. Baiti na biyu ne na waƙarsa, kalma da kalma.

"Ki koma ki gaya mata ta je asibiti."

"Ni? Ka manta ni ce ta fari?"

Bai manta ba. Mma Awawu ba ta taɓa kiran sunan Adizatu ba tun ranar suna. "Waccan" take ce mata. Ba ta zama hira da ita, ba ta yi mata dariya a gaban mutane, don kada a ce tana rawar kai da 'yar fari. Adizatu ta ce ai ta ma gwada. Ta durƙusa ta ce, "Mma, abin nan na jikinki," sai tsohuwar ta juya ta fuskanci turmi ta ce, "Gidan nan yau an samu mai surutu," ta tashi ta bar mata wurin.

"Kai ne mai karatun," in ji Adizatu. "Kai ne kake kiran kashi a gaban 'ya'yan limamai. Je ka faɗa mata."

Ya je. Ya jingine keke a zaure, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ya gaishe ta da kwana, da gajiya, da kasuwa, da ruwa, da mutanen gida, da awaki. Ya koma kan kasuwa. Can ya tattaro ƙarfinsa duka ya ce, "Mma, ya jiki?"

"Lafiya lau."

"Madalla," in ji malamin kiwon lafiya, ya ja da baya har zaure.

A hanyar komawa ne dabara ta zo masa, kuma ya yi ta sha'awar kansa a kanta har gida. In baki ɗaya ya kasa, ai yana da baki arba'in da uku. Ya gaya wa hedimasta cewa ilimin lafiya bai kamata ya tsaya cikin aji ba, a kai shi unguwa. Hedimasta ya ce wannan shi ne irin tunanin da sabuwar ƙasa ke so. Aka jero yara biyu-biyu daga Tishigu har Aboabo, aka wuce gidaje sun fi sittin ba a tsaya ba, sai a bayan katangar wata mai man kaɗanya. Nan Ticha ya ɗaga tsumagiya, yara suka kece da waƙa, da Turanci, baiti huɗu cif. Shi kuwa ya laɓe bayan bishiyar dalbejiya don kada surukarsa ta gan shi a tsaye.

Da aka gama, Abibata ta fito da ƙwarya cike da ƙuli-ƙuli. "Mma ta ce a gaishe da yara, muryarsu da daɗi. Ta ce ko Gwamna ne zai zo?"

Ticha ya gane kuskurensa, ko dai rabinsa. Ya zauna ya juya waƙar zuwa Hausa, ya sa wani malami Badagombe ya juya masa ita zuwa Dagbanci. Komai ya tafi daidai har aka zo kan kalmar nan. Ya rubuta ta a allo, ya dube ta, ya tuna kunnen da za ta shiga, ya sa hannun riga ya goge. Ya rubuta "jiki". Ƙullutu a jiki wanda ba ya ciwo, a kai shi asibiti. Ai jiki ya haɗa komai, in ji shi.

Ya haɗa komai kuwa. Bayan an rera sabuwar waƙar a bayan katangar nan, mutum goma sha ɗaya daga layin suka tafi asibiti: masu maƙoƙo uku, masu maruru biyar, mai ƙaba ɗaya, wani tsoho mai ƙari a ƙeya tun zamanin yaƙin Jamus, da wata da ta raka su ta ce ita ma a duba ta tunda an zo. Mma Awawu ta sake aiko ƙuli-ƙuli.

Sufeto ya zo, ya ji labari, ya ji waƙa. Ya girgiza hannun Ticha a gaban makaranta duka, ya ce da za a samu irinsa goma a Arewa, da likitoci sun huta. Aka ɗora shi a kan darasin lafiya na ajujuwa shida. Ya koma gida ƙararrawa biyu na kaɗawa.

"Sannu da yabo," in ji Adizatu. "Abibata ta ce ya kai ƙwan zabo."

Daga nan ya tuna da Baba Ɗankande. Tsohon direban lori ne da ido ya sauke shi daga sitiyari, ɗan kawun Mma Awawu, wato taubashinta. Tsakaninsu babu kunya ko ta ƙwayar gero. Duk abin da ya zo bakinsa yana iya gaya mata, ita ma haka, kuma ba mai fushi. Ticha ya kai masa goro bakwai farare, ya yi masa bayani yana kallon ƙasa, yana nuna ƙirjinsa da haɓa maimakon ya faɗi sunan wurin.

"Nono kake nufi?" in ji Ɗankande. "To ka ce nono mana, ɗana. Kai da wane abu aka shayar da kai, da ƙararrawa? Bar ni da ita."

Ya same ta a tsakar gida ita da mata huɗu suna dama mai.

"Awawu baiwata, an ce kin ɓoye ƙwai a nono kin hana ubangidanki."

"Kai da ba ka da haƙorin tauna koko, me za ka yi da ƙwai?"

"Masu karatu sun ce daji ne fa. Ki je asibiti su yanke, in ya so a naɗe mini a ganye in tafi da shi. Dama tun muna yara ban samu rabona a wurinki ba."

"A fara yanke wannan tulun da kake kira ciki. Wata nawa ne yanzu? Mun gaji da jiran suna."

Mata suka yi ta dariya har ɗaya ta kusa faɗawa cikin ƙwarya. Aka zubo wa Ɗankande tuwo, ya ci, ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya koma ya sami Ticha.

"Na faɗa mata tas, ban rage ko ɗaya ba."

"Me ta ce?"

"Ta ƙara mini miya."

Abin da Ticha bai lissafa ba, duk da son lissafinsa, shi ne cewa bakin da aka yarda ya faɗi komai, ba a ɗaukar komai nasa da gaske. Shekara da shekaru Ɗankande yana ce wa matar nan mayya, yana ce mata ɓarauniyar akuya. Ranar da ya zo da gaskiya, gaskiyar ta shiga layi bayan akuyar. Ga shi kuma ya zo da tsaraba. Ya ja Ticha gefe ya ce, "Amma fa kai ma ka sani, daji ba ya son ƙarfe. Allura ta taɓa shi, an gama. Akwai wani mutumina a hanyar Salaga mai baƙin magani." Kafin Ticha ya ce a'a da ƙarfin da ya kamata, baƙin magani ya riga ya isa gidan, aka shafa, fata ta saɓule, ƙullutu yana nan daram.

Aka shiga damina aka fita. Mma Awawu ta fara yafa mayafi biyu a cikin zafi. Ta daina ɗaukar ƙwarya a ka da hannun hagu. Daga baya ta daina zuwa kasuwa, ta ce gwiwa ce. Ticha yana zuwa gaisuwa kamar kullum, ana ce masa lafiya lau, yana cewa madalla. Ya rame. A makaranta bulalarsa ta ƙaru. Yaron da a da zai sha biyu, yanzu huɗu yake sha, bai san yana biyan kunyar wani ba.

Wata safiya ana cikin duba farata sai ga wata mata ta shigo makaranta da zabi biyu a hannu. Ashetu sunanta, manomiya daga ƙauyen Gbalahi, 'yarta tana aji huɗu tana zaune wurin gwaggonta a gari. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da lanƙwasa. Ta tsaya a gaban hedimasta da malamai da yara, ta ce ina Ticha mai waƙa. Ta ce 'yarta ta zo hutu tana ta rera abin ƙullutu, har ta ishe ta. Ita kuwa tana da ɗan abu kamar gujiya a nono. Ta kama wurin da hannu ta nuna, kowa ya gani. Ta ce ta je asibiti, likita ya cire, ya ce ta zo da wuri, ga ta nan har ta yi noman gyaɗa. Ƙarfe ya taɓa ta, ba ta mutu ba. Ta miƙa masa zabin.

Aka yi tafi. Hedimasta ya ce a ƙara. Ticha ya rataye zabi a kan keke ya kai gida, ya ba da labari da muryar da ba ta san ko murna za ta yi ba.

Adizatu ta dubi zabin, ta dube shi. "A yanka ɗaya a kai wa Mma romo, tunda abin da karatunka zai iya yi mata ke nan. Ka warkar da uwar wani a Gbalahi da waƙa. Tawa tana nan bayan masallaci, hannunta ya fara kumbura, ɗakinta ya fara wari, Abibata tana turara shi da garwashi don kada baƙi su ji. In ta mutu, kai za a sa a gaba wajen zaman makoki, ana nuna ka ana cewa ga suruki mai ladabi. Ka riƙe ladabin da kyau, Ticha. Shi za mu binne ta da shi."

Ticha bai tsaya cin tuwo ba. Ya ɗauki keke.

Ya tarar da gidan cike, rana tsaka, mata suna suyar ƙwarar kaɗanya, almajiran wani malami mai haya suna wanki, wani tela yana taka kekensa a zaure. Mma Awawu tana zaune a inuwar rumfa da mayafanta biyu, Abibata a gefenta. Ticha ya cire takalmi ya durƙusa, ya buɗe baki, sai ya ji gaisuwar kwana tana shirin fitowa da kanta. Ya haɗiye ta. Ya gane cewa in dai a durƙushe yake, yana kallon yatsun ƙafar nan, har abada madalla zai ce. Sai ya miƙe. Ya juya mata baya, ya fuskanci katanga kamar allo, ya harɗe hannu a baya. Murya ɗaya ce tak yake da ita ta faɗin irin wannan magana, muryar aji, wadda ake ji daga aji ɗaya har aji shida. Da ita ya yi.

"Mma, akwai ƙullutu a nononki na hagu. Ya daɗe, ya girma, ya fashe. Mai ba zai narkar da shi ba, baƙin magani ba zai yi ba. Zai iya zama daji. In ba ki je asibiti ba zai kashe ki. Yau za mu tafi."

Keken tela ya tsaya. Wata ta bar ƙwara tana ƙonewa a kasko. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi a hankali, ta ja jikarta cikin ɗaki. Ticha yana tsaye yana kallon wata ƙadangaruwa a kan katanga, zufa tana bin safarsa.

Da Mma Awawu ta yi magana, ba da shi ta yi ba, ko da yake tsakaninsu bai fi tabarma biyu ba.

"Abibata, gaya wa mijin waccan ya nemo mota. Ba zan hau keke ba."

"Ta ce ka nemo mota," in ji Abibata.

"Ki kuma gaya masa, tun ranar da yara suka zo da Turanci na gane. Ni ba jaka ba ce. Wa ke kawo makaranta guda bayan ɗakin mai man kaɗe don Gwamna? Na zauna ina jira in ga ko namiji waccan ta aura ko garmaho."

Abibata ta buɗe baki za ta maimaita, ta ga ba sai ta yi ba.

"Ki tambaye shi," tsohuwar ta ci gaba, "da ƙafata zan tashi in je in buɗe wa ƙaton namiji ƙirji, a ce Awawu ta kai kanta? A ce ta raina maganin iyayenta ta bi ƙarfe? Da wane ido zan shiga kasuwa? Amma in suruki marar kunya ya zo ya tona ni a tsakar gida, ya ja ni, ai kowa ya ga ba ni na so ba. Laifin nasa ne. Abin da nake jira ke nan, wanda zai ɗauki laifin. Ƙuli-ƙulina kawai ya iya ɗauka."

A asibiti likita ya duba, ya fito ya sami Ticha a baranda, ya tambaye shi tun yaushe aka san da abin. Ticha, da yake mutum ne mai kiyaye lissafi, ya ba shi tarihi daki-daki: yana goro, ya zama ƙwan zabo, ya zama lemo, ya fashe. Likita ya ce da an zo yana goro, da magana ta bambanta. Ya ce wannan jahilcin ne ke kashe mutane, shi ya sa ake so a riƙa koyar da abin nan a makarantu. Sannan ya tambaye shi aikin me yake yi.

Ticha ya ce yana ɗan taɓa koyarwa.

Aka tura su Kumasi. Aka cire nonon duka, aka bi har hamata. Ta dawo da rai, ta ƙara 'yan shekaru, ta ga yaron da ta yi wa wanka ya fara tafiya har ya fara yi mata rashin kunya irin ta jika. Hannun hagun bai sake saɓewa ba, ba ta sake dama mai ba. Daga baya ciwon ya dawo ta ƙashin baya, ya tafi da ita.

Aboabo ta yanke hukuncinta tun kafin a share makoki. Ƙarfe ne ya kashe ta. Baba Ɗankande ya ce shi dai ya faɗa. Ba wanda ya lissafa daminar da aka ɓata ana waƙa a bayan katanga, amma kowa ya haddace kalmomin da Ticha ya faɗa a tsakar gida, har da masu ƙarin gishiri. Iyaye mata suka daina yi wa surukansu gori da shi, suka koma yi musu kashedi da shi. Da ya koma aji ya goge "jiki" daga waƙar, ya mayar da kalmar inda take, da Hausa da Dagbanci, sai aka cire yara bakwai daga makarantar. Hedimasta ya kira shi ofis ya ce ko za a ɗan sassauta, ko a koma Turancin, tunda shi bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ticha ya ce yara talatin da shida ma aji ne.

Ya koyar har ya yi furfura. Bai sake samun yabon sufeto ba. Mata dai sukan tare Adizatu a bakin famfo, su ja ta gefe, su ce wance tana da ɗan abu, ko Ticha zai zo ya yi mata rashin kunyar nan tasa. Yana zuwa kuwa. Ya cire takalmi, ya juya baya, ya faɗa, a zage shi, a nemo mota.

To kai mai karatu, ba a ce ka tara unguwa ba. Ke, in kin shiga wanka, ki bi nononki da tafin yatsu, dama da hagu har hamata, in kin ji baƙon abu kada ki jira ya yi ciwo. Kai kuma da kake da uwa, ko gwaggo, ko suruka da ka ga ta fara yafa mayafi biyu cikin zafi, je ka same ta. Gaisuwa ɗaya ta isa. In idonka ba zai iya ba, ga katanga nan, kowane gida akwai. Juya ka faɗi sunan abin da bakinka, ka yarda a kira ka marar kunya. Gwada ka gani.